Yadda Ake Gano Yawan Masu Ɗauke da Sunan Zuri'a, da Yadda Yawan Yake Sauyawa da Zamani

Duk wanda ya taɓa cike fom na lambar zama ɗan ƙasa, ko na buɗe asusun banki, ko na jarrabawar shiga jami'a, ya ci karo da gurbin da ake buƙatar ya rubuta sunan zuri'a, kuma mafi yawan Hausawa sunan mahaifi suke sakawa a wurin. Da zarar sunan ya zauna a takardu har 'ya'ya sun gaje shi, sai tambayoyi su biyo baya: mutum nawa ne ke amsa wannan suna, a wane gari suka fi yawa, kuma a zamanin kakanni haka yawansu yake? Ana iya samun amsa mai ma'ana ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba, amma sai an bi aikin daki-daki, domin hanyoyin da Turawa suka tsara don ƙirga sunayensu ba su dace da yadda muke raɗa suna ba sai an yi musu gyara. Bayanin da ke tafe ya ɗauki Jos a matsayin filin aiki, ko da yake mazaunin Abuja ko wani gari zai iya bin matakan kamar yadda suke.

A fara tantance irin sunan

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kafin a ƙirga ko mutum ɗaya, wajibi ne mai bincike ya san ko sunan da yake bi ana gadonsa daga kaka zuwa jika, ko kuwa yana sauyawa a kowane tsatso. A al'adar Bahaushe, idan Musa ya haifi Garba, ana kiran yaron Garba Musa; idan Garba ya haifi Sani, ana kiransa Sani Garba, sunan Musa kuwa ya fita daga takarda ke nan. Saboda haka dubban mutanen da ke rubuta Musa a gurbin zuri'a ba 'yan gida ɗaya ba ne, abin da ya haɗa su kawai shi ne an raɗa wa iyayensu sunan Annabi Musa. Wanda ya ƙirga irin wannan suna yana auna farin jinin sunan yanka ne a zamanin iyaye. Bincike ne mai amfani, amma bai nuna girman dangi ba, kuma bai kamata a gabatar da shi a matsayin haka ba.

Akwai kuma sunayen da aka ɗauko daga gari ko unguwa. Makarantun boko na farko a Arewa, irin su Kwalejin Katsina da aka kafa a farkon shekarun 1920, sun tara yara daga larduna daban-daban masu suna iri ɗaya, sai aka riƙa bambanta su da garuruwansu, kuma hakan ya yi daidai da kunyar da ɗa ke ji wajen ambaton sunan mahaifinsa. Ta haka aka samu Aminu Kano, wanda sunan mahaifinsa Yusufu, da Shehu Shagari, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna ma an san shi da Ahmadu Raba kafin sunan Bello ya rinjaya. A Jos ba sai an je nesa ba, sunayen mazaɓu biyu na Jos ta Arewa, wato Ali Kazaure da Ibrahim Katsina, sun isa shaida cewa mutanen da suka zo garin kuza an san su ne da inda suka fito. Mutum biyu masu amsa Kazaure suna iya zama ba su haɗa ko kakan kaka ba.

Na uku su ne sunayen da suka zama gado na haƙiƙa, kuma a kansu ne ƙirga ke nuna yaɗuwar iyali ɗaya. Ɗantata misali ne: Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya samu laƙabin daga Tata, matar da ta rene shi, kuma zuri'arsa ta riƙe shi har yau. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, amma daga Musa 'Yar'aduwa zuwa 'ya'yansa Shehu da Umaru sunan ya zama na gida. Sunayen sana'a da sarauta da laƙabi, irin su Maikano, Maigoro, Galadima, Madaki da Sarkin Pawa, suna tsakiya: a wani gidan sun zama gado, a wani kuma sun tsaya kan mutum ɗaya.

Hanyar tantancewa tana cikin gida. A je wurin dattijon da ya fi kowa shekaru a dangi, a gaishe shi yadda ya kamata, sannan a tambaye shi a sarari: "Baba, Allah ya ƙara lafiya, da wane suna aka rubuta Kaka a makarantar elementare? A takardar haraji fa, wane suna yake amsawa?" A yi wa gwaggo irin tambayar, domin tsofaffin mata sukan riƙe laƙabin da maza suka manta. A rubuta maza huɗu a jere, daga mai binciken zuwa kakan mahaifinsa, kowanne da sunan da yake amfani da shi a takardun hukuma. Idan sunan ya bayyana a tsatso uku a jere, ana iya ɗaukarsa a matsayin na gado, kuma shekarar da ya fara bayyana ita ce iyakar da binciken zai iya komawa baya. Duk wanda aka samu da sunan kafin wannan shekara, wani ne daban.

A tattara dukkan rubuce-rubucen sunan

Magatakardan da suka rubuta sunayenmu ba su bi ƙa'ida ɗaya ba. Muhammadu yana zuwa a matsayin Mohammed, Muhammad, Mahammadu, Mamman, har da gajartaccen Moh'd. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, Buba da Bukar. Usman yana iya zama Shehu. Na'urorin buga rubutu da kwamfutocin ofis yawanci ba su da haruffa masu lanƙwasa, don haka Ɗanladi zai fito Danladi, Dan Ladi ko Dan-Ladi, kuma kwamfuta tana ɗaukar kowanne a matsayin suna dabam. A yi jerin waɗannan duka tun kafin a fara, sannan a yanke hukunci ɗaya a kan waɗanda za a haɗa da waɗanda za a ware. Ra'ayina shi ne a haɗa bambancin da ya taso daga rubutu kawai, kamar Mohammed da Muhammad, a ware wanda ya zama suna mai zaman kansa, kamar Garba da Abubakar, domin gidan da ya gaji Garba ba ya rubuta Abubakar. Ko wane hukunci aka yanke, a rubuta shi a shafin farko na littafin aiki kuma kada a sauya shi a tsakiyar hanya.

Tsarin jeri ma yana ruɗarwa, saboda wata takardar tana fara da sunan zuri'a, wata kuma da sunan yanka, kuma a suna kamar Ibrahim Musa babu abin da zai nuna wanne ne wanne. A duba kan shafin takardar a ga tsarin da aka bi kafin a ƙirga layi ɗaya.

Inda ake samun jerin sunaye

Ƙidayar jama'a, wadda mutum zai fara tunawa da ita, ba za ta taimaka kai tsaye ba. Najeriya ta yi ƙidaya a 1952 zuwa 1953, da 1963, da 1973 wadda aka soke, da 1991, da 2006 wadda ta ba da mutum sama da miliyan 140, amma alƙaluman da aka wallafa na yawan mutane ne a jihohi da ƙananan hukumomi, ba na sunaye ba. A Amurka abin ya bambanta: hukumar ƙidayarsu ta fitar da jerin sunayen zuri'a daga ƙidayar 1990 da 2000 da 2010, kuma na 2010 ya ƙunshi duk sunan da aƙalla mutum 100 ke ɗauke da shi. Wanda yake son sanin ko sunan gidansu ya yi yawa a can zai iya duba wannan jeri kyauta a intanet, kuma rashin ganin sunan yana nufin masu shi ba su kai 100 ba a lokacin.

A gida, jeri mafi girma da talaka zai iya kaiwa gare shi shi ne rajistar masu zaɓe ta hukumar INEC, wadda ta ƙunshi mutum sama da miliyan 93 a zaɓen 2023. Hukumar tana kafe ta a mazaɓu kafin babban zaɓe domin jama'a su duba su nemi gyara, a Nuwamban 2022 ma ta sanya ta a shafinta na intanet, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba kowa damar neman kwafin rajistar jiha ko ƙaramar hukuma ko mazaɓa bayan biyan kuɗin da hukumar ta ƙayyade. Amfaninta shi ne an tsara ta rumfa-rumfa, don haka ana iya kwatanta Gangare da Naraguta, ko Sarkin Arab da Tudun Wada, ba tare da an haɗa su a dunƙule ba. Rauninta kuma a bayyane yake: babu wanda bai kai shekara 18 ba, akwai mamatan da ba a cire ba, kuma wanda ya yi ƙaura sau da yawa sunansa yana nan a tsohuwar unguwa.

Don komawa baya, sai a nemi takardun da aka ajiye saboda wata buƙata dabam. Rajistar shiga makarantun firamare tsofaffi tana daga cikin mafiya daraja, domin tana nuna sunan yaro da na mahaifi ko mariƙi da shekarar shiga, kuma shugaban makaranta yakan bari a duba idan an zo da takardar neman izini da bayani mai gamsarwa. Littattafan bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jos, wadda ta zama mai cin gashin kanta a 1975, suna jera sunaye shekara-shekara. Akwai tsofaffin littattafan lambobin wayar NITEL, da Gazet ɗin gwamnatin Jihar Arewa mai ɗauke da naɗe-naɗen ma'aikata, da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 da Nigerian Standard ta Jos da aka kafa a 1972. Fayilolin Lardin Filato na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma a garin ne Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana takardun tarihi, yake, don haka tafiya ɗaya tana iya biyan buƙata biyu.

Shafukan intanet masu ba da ƙiyasi, irin su Forebears, suna da amfani wajen samun hoto na farko, kuma suna nuna sunaye kamar Ibrahim, Musa da Abubakar a sahun gaba a Najeriya. Sai dai ƙiyasi ne da aka gina a kan jerin da mai karatu ba zai iya dubawa da kansa ba, kuma ba sa bambanta sunan mahaifi da sunan gado. A yi amfani da su don sanin inda za a dosa, kada a kafa hujja da su.

Lissafin

Adadin mutane shi kaɗai ba ya nuna yawan suna, dole a auna shi da yawan jama'ar da aka ƙirga a cikinta. Cokalin gishiri ɗaya a kofin ruwa da cokali ɗaya a randa ba ɗanɗano ɗaya suke bayarwa ba. Ƙa'idar ita ce a raba adadin masu sunan da jimillar sunayen da ke cikin jerin, sannan a ninka da 10,000. A ƙaddara, don misali kawai, an samu masu sunan 45 a mazaɓar da ke da mutum 15,000 a rajista, aka kuma samu 60 a wata mai mutum 40,000. Ta farko ta ba da 30 cikin kowane 10,000, ta biyu kuma 15. Wato sunan ya ninka yawa a mazaɓar farko, duk da cewa a ido ta biyu ce ta fi mutane. Da irin wannan awo ne ake iya kwatanta ƙasashe: Smith, wanda ya zo na ɗaya a Amurka a 2010 da mutum sama da miliyan 2.4, bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, alhali a Koriya ta Kudu kusan mutum ɗaya cikin biyar Kim yake amsawa.

Idan jerin takarda ne, a yi ƙirga da hannu, shafi-shafi, ana saka alama a littafi, kuma a sa wani ya maimaita wasu shafukan don a ga ko adadin ya zo ɗaya. Idan a kwamfuta yake, manhajar Excel tana iya ƙirgawa, muddin an ware sunan zuri'a a layinsa kuma an shigar da kowane salon rubutun da aka amince da shi. Idan kuma masu sunan ba su kai goma ba a wani jeri, a faɗi adadin kamar yadda yake, kada a gina hukunci a kansa, domin ƙaurar gida ɗaya tana iya ninka shi ko ta shafe shi.

Kwatanta zamani da zamani

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma tushensa ɗaya ne: kwatanta takardun da ba jinsi ɗaya ba. Littafin waya na shekarun 1980 ya ƙunshi 'yan kasuwa da manyan ma'aikata ne kawai, rajistar zaɓe kuwa ta haɗa mai kuɗi da ɗan dako. Wanda ya ɗora ɗaya a kan ɗaya zai ga kamar wani suna ya bunƙasa, alhali masu shi suna nan tun da, ba su da waya ne kawai. A kwatanta rajistar makaranta da rajistar makarantar nan ɗin a wasu shekaru, a ɗauki misali 1960, 1980, 2000 da 2020, a fitar da awon kowacce. A kuma tuna cewa iyakokin mulki sun sauya, domin Jihar Filato ta 1976 ta haɗa da yankin da ya zama Jihar Nasarawa a 1996, saboda haka adadin jiha na kafin wannan shekara ba na ƙasa ɗaya ba ne da na bayanta.

Akwai dabara ga wanda bai samu tsofaffin takardu ba. Idan jerin da ke hannunsa yana nuna shekarar haihuwa, sai ya kasa mutanen rukuni-rukuni, waɗanda aka haifa kafin 1960, da na 1960 zuwa 1979, da na 1980 zuwa sama, ya fitar da awon kowane rukuni. Wannan yana ba da hoton sauyi daga jeri ɗaya, ko da yake rukunin dattawa ya ƙunshi waɗanda suka rage a raye ne kawai, kuma shekarun haihuwar da yawansu ƙiyasi ne. Mata kuma a ƙirga su dabam, domin wasu suna riƙe sunan mahaifi bayan aure kamar yadda addinin Musulunci ya koyar, wasu kuma suna komawa sunan miji a takardun aiki da fasfo, har su yi rantsuwa a kotu su buga sanarwa a jarida.

Bayan an ga sauyi, sai a nemi dalilinsa, kuma ba kullum haihuwa ba ce. Ƙaura tana kan gaba. A Amurka sunan Garcia ya tashi daga na 18 a 1990 zuwa na 8 a 2000, sannan na 6 a 2010, saboda ƙaruwar mutanen da asalinsu ƙasashen masu magana da Sifaniyanci ne. A Jos, haƙar kuza da isowar jirgin ƙasa daga Zariya a 1914 sun jawo leburori da 'yan kasuwa daga Kano, Katsina, Bauchi da Barno, kuma rikice-rikicen da suka faro a 2001 sun sa iyalai da yawa sauya unguwa, don haka raguwar suna a wata mazaɓa tana iya bayyana a matsayin ƙaruwa a maƙwabciyarta. Suna yana iya ɓacewa ma ba tare da zuri'a ta ƙare ba, idan tsatso ɗaya ya zo da 'ya'ya mata zalla. Wannan ce matsalar da Francis Galton da Henry Watson suka yi wa lissafi a Ingila a shekarun 1870.

Dalilin da ya fi shafarmu a yau shi ne daskarewar sunaye. Turkiyya ta yi doka a 1934 da ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa ɗaukar sunan zuri'a. A wurinmu fom ne yake yin wannan aiki a hankali: tun da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN da ta banki ta BVN da fasfo suka zama dole su yi daidai da juna, iyaye da yawa suna rubuta wa 'ya'yansu sunan da ke kan takardunsu, wato na kaka, don guje wa wahalar gyara a ofishin jakadanci ko wajen rabon gado. Sunan da a da zai fita bayan tsatso ɗaya yanzu yana zama. Mai bincike da ya ga wani suna ya ƙaru a tsakanin matasa ya fara tambayar ko wannan ne sanadi kafin ya ce dangi ne suka yaɗu.

Abin da suna ba ya nunawa

Ina roƙon duk wanda zai yi wannan aiki a Jos ya kiyaye abu ɗaya, domin gari ne da maganar asali ta jawo asarar rayuka. Suna ba ya tabbatar da ƙabila ko addini. Janar Theophilus Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum, marigayi Janar Joshua Dogonyaro kuma ɗan ƙabilar Tarok ne, kuma dukansu sunan Hausa suke ɗauke da shi. Musa, Yakubu, Ɗanladi da Bala suna gidajen Musulmi da na Kirista. Hatta sunayen Birom irin su Gyang, Pam, Dung da Davou sunayen yanka ne da ake sakawa a gurbin zuri'a kamar yadda muke yi da namu, don haka yawansu ma ba girman gida ɗaya yake nunawa ba. Ƙirgar suna ba za ta iya zama hujjar wanda ya riga wani zuwa gari ba, kuma wanda ya yi amfani da ita haka ya ɗora mata nauyin da ba za ta ɗauka ba.

Jerin da ake aiki da su na mutane ne masu rai, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi yadda ake sarrafa irin waɗannan bayanai. A fitar da adadi kawai. Kada a ɗauki hoton shafin rajista a watsa a WhatsApp ko Facebook, kuma kada a ajiye adireshi ko hoton kowa.

Wajen rubuta sakamako, kowane adadi ya zo tare da abubuwa huɗu a jimla ɗaya: takardar da aka ƙirga, shekararta, jimillar sunayen da ke cikinta, da salon rubutun da aka haɗa. A ce, misali, a rajistar shiga makaranta kaza ta shekara kaza, cikin yara kaza, an samu kaza masu rubuta Ɗanladi ko Danladi ko Dan Ladi a matsayin sunan mahaifi. A ajiye littafin ƙirgar tare da lambar kowane shafi da aka duba, a ba wani a dangi kwafi, domin idan an kafe sabuwar rajista kafin zaɓe mai zuwa a iya maimaita ƙirgar a mazaɓun nan da ƙa'idojin nan.